Gadon Jangis Khan: tambayoyi da amsoshi kan sarakunan Mongol da masarautun da suka fito daga daularsu

Yawancinmu a bakin malamai muka fara jin labarin mutanen nan, a wajen tafsiri ko karatun tarihi, kuma da sunan Tatar muka san su. Labarin kusan kullum wuri ɗaya yake tsayawa: Hulaku ya shiga Bagadaza, ya kashe halifa, ruwan Dijla ya canja launi. Sai jama'a su yi salati, a wuce. Alhali faɗuwar Bagadaza tsakiyar labarin ce. Shekara biyu bayanta jikokin Jangis Khan suka zare wa juna takobi a kan gado, kuma kafin a cika shekara 100, uku daga cikin manyan gidaje huɗu na zuriyarsa suna kallon alƙibla.

Su wane ne Mongol? Su ne Tatar ɗin?

Makiyaya ne na filayen ciyawa da ke arewa da Sin, inda ƙasar Mongoliya take a yau. Dukiyarsu dawaki, tumaki, awaki, shanu da raƙuma. Ɗakinsu tanti ne mai zagaye na gashin tumaki, in za a yi ƙaura a kwance shi a ɗora a amalanke. Abincinsu nama da nono, abin shansu nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami har ya fara bugarwa.

Tatar kuwa wata ƙabila ce daban, maƙwabtansu kuma abokan gabarsu. Su ne suka sa wa mahaifin Jangis Khan guba, shi kuma da ya yi ƙarfi ya kusa ƙarar da su a 1202. Sai ga shi sunan waɗanda aka murƙushe ne ya bi masu nasarar har ƙasashen Larabawa da Rasha da Turai. Saboda haka in malami ya ce Tatar, Mongol yake nufi.

Yaya maraya ya zama Jangis Khan?

Sunansa na yanka Temujin, an haife shi wajen 1162 kusa da kogin Onon. Da aka kashe mahaifinsa Yesugei, dangi suka watse suka bar uwarsa Hoelun da 'ya'yanta suna tonon saiwoyi da kamun kifi. Ya taɓa zama kamamme da katako a wuya. Ƙabilar Merkit ta taɓa sace masa amaryarsa Borte, sai da ya nemi taimakon manya kafin ya ƙwato ta. A riƙe wannan satar, don za ta dawo a wajen rabon gado.

Ya shafe fiye da shekara 20 yana yaƙi da ƙulla amana da warware ta, har ya gama da Tatar da Kereit da Naiman da Merkit. A 1206 aka yi babban taron dangi da suke kira kurultai, aka ba shi laƙabin Jangis Khan. Larabawa suna rubuta shi Jinkiz Khan. Ya mutu a 1227 yana tsakiyar yaƙi da masarautar Tangut.

Me ya sa ba a iya tare su ba?

Ba yawa ba ne, don sau da yawa abokan gabarsu sun fi su yawa. Tsari ne. Jangis Khan ya wargaza rundunonin ƙabila, ya raba mayaƙa goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har zuwa runduna mai mutum 10,000 da ake kira tumen, kuma wanda ya iya aiki shi ake ba jagoranci ko da ɗan maƙeri ne. Kowane mayaƙi yana tafe da dawaki da yawa, in ɗaya ya gaji ya sauya. Tun suna yara suke harbi da baka a kan doki yana gudu. Sun ƙware wajen yin kamar sun karaya, a bi su a guje, sai a tsinci kai a tsakiyar tarko.

Makiyayi bai san fasa ganuwa ba, don haka duk garin da suka ci sai su ware masu sana'a su tafi da su. Ƙwararrun Sin da na Farisa ne suka riƙa ƙera musu majaujawar jifan ganuwa. Sannan akwai hanyar aika saƙo da ake kira yam: zango-zango a kan hanya, kowane da dawaki a ɗaure, manzo mai ɗauke da allon shaida ya sauka daga wannan ya hau wancan. Sai kuma tsoro, wanda da gangan suke shuka shi. Garin da ya buɗe ƙofa ya biya haraji yakan tsira. Wanda ya yi gardama, ko ya yi mubaya'a ya warware, a mai da shi kufai don na gaba ya ji labari.

Me ya kawo su ƙasashen Musulmi tun farko?

Fatauci ne ya rikiɗe ya zama yaƙi. A 1218 wani ayarin fatake daga wajen Jangis Khan, mafi yawansu Musulmi, ya sauka a Otrar, garin kan iyaka na daular Khawarizm. Gwamnan garin, Inalcuk, ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya kashe su ya kwashe kayansu. Jangis Khan ya aika jakadu wurin Sultan Muhammad ya miƙa masa gwamnan. Sultan ya kashe ɗaya, ya aske wa sauran gemu ya kore su. A wajen Mongol taɓa jakada ba shi da kaffara.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan bai tsaya kan tsuntsun ba. Daga 1219 zuwa 1221 Buhara da Samarkand da Urganj da Marw da Naisabur duk suka faɗi, garuruwan da sunayensu ke cike a littattafan hadisi. Sultan Muhammad ya mutu a wani tsibiri a tekun Kasfiyan yana gudun hijira. Ibnul Asir, wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta cewa ya yi shekaru yana jin nauyin ɗaukar alƙalami ya ba da wannan labari.

Yaya aka raba gadon?

Nan ne gizo yake saƙa. Mongol ba su ɗauki daula a matsayin mallakar sarki shi kaɗai ba, dukiyar gida ce, kowane ɗa da rabonsa na mutane da makiyaya. 'Ya'yan uwargida Borte huɗu ne. Joci, babban, ya samu can yamma mai nisa, sai dai an haife shi jim kaɗan bayan an ƙwato uwarsa daga hannun Merkit, don haka ƙaninsa Cagatai bai taɓa daina yi masa gorin asali ba. Joci ya riga uban mutuwa, rabonsa ya koma hannun 'ya'yansa, musamman Batu. Cagatai ya samu tsakiyar Asiya. Ogodai, na uku, mai sanyin hali da kyauta da son kwalba, shi aka ba sarautar gaba ɗaya a 1229. Tolui, auta, bisa al'adarsu shi ke gadon murhun gida, don haka ƙasar asali da mafi yawan mayaƙa suka zama nasa.

Matsalar ita ce babu ƙa'idar da ta ce ga wanda zai hau bayan sarki. Sai an tara dangi a kurultai, kuma wanda ya ƙi zuwa ya ƙi yarda ke nan. A zamanin Ogodai aka gina Karakorum, aka gama da daular Jin ta arewacin Sin a 1234, Batu ya ci Kiyef a 1240, a watan Afrilun 1241 kuma rundunoninsa suka karya Turawa sau biyu cikin kwana uku, a Legnica ta Folan da Mohi ta Hangari. Ogodai ya mutu a ƙarshen shekarar. Aka yi shekara biyar ana jan ƙafa kafin a naɗa ɗansa Guyuk a 1246, shi kuma da Batu ba sa ga maciji. Mutuwar Guyuk a 1248 ce kawai ta hana su gwabzawa.

A 1251 Batu ya mara wa gidan Tolui baya aka naɗa Monke. Monke ya bi 'yan gidan Ogodai da na Cagatai da magoya bayansu da kisa da kora. Daga ranar zumuncin ya tsage, ɗinki kawai aka riƙa yi.

Da gaske mata sun yi mulki a cikinsu?

Sun yi. In sarki ya mutu, uwargida ke riƙe ƙasa har a naɗa wani. Toregene, matar Ogodai, ta riƙe daular daga 1241 zuwa 1246, kuma babbar mai ba ta shawara wata Fatima ce da aka kamo daga Mashhad. Wadda ta fi su duka dabara ita ce Sorkoktani, matar Tolui. Kirista ce, amma ta ba da kuɗi aka gina makarantar Musulunci a Buhara. 'Ya'yanta huɗu su ne Monke, Kubilai, Hulaku da Arik Boke. Duk wanda ya san abin da ya biyo baya ya san cewa daga ɗakin mace ɗaya sarakunan Sin da na Farisa suka fito.

Me ya faru a Bagadaza a 1258?

Monke ya tura ƙannensa biyu: Kubilai kudancin Sin, Hulaku yamma. Hulaku ya fara da Isma'iliyyan dutsen Alamut a 1256, sannan ya aika wa Halifa Musta'asim ya rushe ganuwa ya zo ya yi mubaya'a. Halifa ya mayar da amsa ta isa, amma bai tara rundunar da za ta tsaya bayan maganar ba. A ƙarshen Janairun 1258 aka kewaye birnin, ranar 10 ga Fabrairu halifa ya fito ya miƙa wuya. Shekara ta 656 ke nan ta Hijira. Aka saki mayaƙa a gari kwana da kwanaki.

Adadin mamata ya bambanta daga littafi zuwa littafi. Malaman tarihi na Musulunci sun ambaci 800,000, wasu ma sun haura haka nesa. Hulaku da kansa, a wasiƙar da ya aika wa sarkin Faransa, ya ce sun wuce 200,000. Halifa kuwa ruwayar da ta fi shahara ita ce an naɗe shi cikin darduma dawaki suka tattake shi, domin Mongol suna camfa zubar da jinin sarauta a ƙasa. Haka halifancin Abbasiyawa da ya fara a 750 ya ƙare a Iraƙi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rundunar Hulaku ba Mongol zalla ba ce. Akwai Kiristocin Jojiya da Armeniya, akwai Sinawa masu majaujawa, akwai kuma dakarun sarakunan Musulmi da suka riga suka yi mubaya'a, irin su mai mulkin Mausil.

Wa ya taka musu birki?

Bayi. Mamluk na Masar yara ne da ake sayowa, yawanci Turkawan Kifcak daga arewacin Bahar Aswad, a musuluntar da su, a koya musu doki da baka, a 'yanta su su zama sojoji. Mamayar Mongol ɗin ce ma ta cika kasuwa da irin waɗannan yara, kuma Baibars yana cikinsu.

A farkon 1260 Halab da Dimashƙu sun faɗi. Sai Hulaku ya janye mafi yawan rundunarsa zuwa wajen Azarbaijan, saboda labarin mutuwar Monke ya iso, ga shi kuma ciyawar Sham ba za ta ɗauki dawakinsa da bazara ba. Ya bar jarumi Kitbuga da runduna 'yar kaɗan. Sultan Kutuz na Masar ya kashe jakadun Hulaku ya rataye kawunansu a ƙofar Zuwaila ta Alƙahira, ya fita. Suka haɗu a Ainu Jalut, a Falasɗinu, ranar 3 ga Satumba 1260, 25 ga Ramadan. Aka karya Mongol, aka kashe Kitbuga. Kutuz bai ci ribar nasarar ba: a hanyar komawa gida Baibars da abokansa suka kashe shi, Baibars ya hau.

A ganina ana ɗora wa wannan yaƙi fiye da abin da ya ɗauka. An taɓa karya Mongol kafin nan, sukan dawo da ninkin abin da aka kashe. Abin da ya hana su dawowa da cikakken ƙarfi a wannan karon rikicin cikin gida ne.

To yaushe daular ta rabu, kuma gida nawa?

A 1260 Kubilai da ƙaninsa Arik Boke kowanne ya tara nasa kurultai ya naɗa kansa. Suka yi shekara huɗu suna yaƙi, Kubilai ya yi nasara a 1264. Ana cikin haka, a 1262, Barka ƙanin Batu ya far wa Hulaku a tsaunukan Kaukasus. Daga nan aka samu gidaje huɗu. Gidan Kubilai a Sin da Mongoliya, wanda ya ɗauki sunan Yuwan. Gidan Hulaku a Iran da Iraƙi da gabashin Turkiyya ta yau, ana kiran sarakunansa Ilkhan. Gidan Cagatai a tsakiyar Asiya. Sai gidan Joci a filayen kogin Bolga, wanda Rashawa daga baya suka sa wa suna Rundunar Zinariya.

A baki, Kubilai ne babba. A aikace, Kaidu jikan Ogodai ya shafe shekaru kusan 30 yana yaƙar gidansa daga tsakiyar Asiya har ya mutu a 1301. An yi sulhu tsakanin gidajen a 1304, amma kowa ya riga ya saba da cin gashin kansa.

Yaya aka yi suka musulunta?

Jangis Khan mai bautar Sama ne, Tengri, kuma bai damu da addinin talakawansa ba muddin malamansu za su yi masa addu'a. Har haraji ya ɗauke wa malamai da limaman addinai daban-daban. Inda ake samun karo shi ne al'ada. Mongol ba sa yanka, sukan tsaga ƙirjin dabba su danne jijiyar zuciya don kada jini ya zuba. Suna kuma ƙyamar wanka ko wanki a ruwa mai gudu. Ka ga yanka da alwala sun shiga matsala, kuma Cagatai ya yi suna wajen tsananta wa Musulmi a kan waɗannan biyun.

Barka, wanda ya hau mulkin gidan Joci a 1257, shi ne babban sarkinsu na farko da ya musulunta. An ruwaito yana cewa Hulaku ya rusa garuruwan Musulmi ya kashe halifa ba da shawarar dangi ba, kuma zai bi kadin jinin. Gaskiya ne, amma akwai kuma makiyayar Azarbaijan da gidan Joci ke ganin rabonsu ce Hulaku ya danne. A farkon 1263 aka kori rundunar Hulaku a kogin Terek, ƙanƙara ta fashe da su, da yawa suka nutse. Barka ya ƙulla abota da Baibars, bayi suka ci gaba da kwarara zuwa Masar. Uzbak Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, shi ya tabbatar da Musulunci a matsayin addinin masarautar.

A Iran, Gazan, tattaɓa kunnen Hulaku, ya musulunta a 1295 ya ɗauki sunan Mahmud. Hakan bai hana shi kai wa Sham hari ba. Ya karya Mamluk a ƙarshen 1299 ya shiga yankin Dimashƙu, mutane suka rikice: ya halatta a yaƙi mai kalmar shahada? Ibnu Taimiyya yana cikin tawagar da ta je ta same shi, kuma ya ba da fatawar a yaƙe su, hujjarsa ita ce har yanzu suna hukunci da Yasa, dokokin Jangis Khan. A yaƙin Shaƙhab na 1303, cikin Ramadan, ya umarci mayaƙa su sha ruwa, aka kuma karya Mongol.

Gidan Cagatai ne ya zo daga baya. Ibnu Baɗuɗa ya zauna a sansanin sarkinsu Tarmashirin, ya ga wani abu da idonsa. Wata rana da la'asar sarki ya aiko yaro da darduma, a ce wa liman ya ɗan jira shi yana alwala. Liman ya ce sallar ta Allah ce ko ta Tarmashirin, ya sa aka yi iƙama. Sarki ya iso an yi raka'a biyu, ya tsaya can baya wajen takalma, ya cike abin da ya kuɓuce masa, sannan ya zo ya ba liman hannu yana dariya. Wannan sarkin ne danginsa suka tuɓe suka kashe a 1334, cikin laifuffukan da suka ɗora masa har da watsi da Yasa.

Ban da yaƙi, me Ilkhan suka bari?

Hulaku da ya rusa Bagadaza shi ne ya ba Nasiruddin Ɗusi kuɗi ya gina ɗakin nazarin taurari a Maraga a 1259. Wazirin Gazan, Rashiduddin, likita ne ɗan asalin Yahudawa da ya musulunta, ya tsara Jami'ut Tawarikh, tarihin da ya haɗa Mongol da Sin da Indiya da Turawa wuri ɗaya. Sakayyarsa ita ce kisa a 1318, bisa zargin ya sa wa Sarki Uljaitu guba. Ƙubbar kabarin Uljaitu a Sulɗaniyya tana nan tsaye.

Akwai kuma abin dariya. A 1294 baitulmali ya bushe, sai Sarki Gaikhatu da wazirinsa suka ce a kwaikwayi Sin a buga kuɗin takarda. Aka buga da kalmar shahada da rubutun Sinanci a jiki, aka yi shela a Tabriz cewa wanda ya ƙi karɓa kisa ne. 'Yan kasuwa ba su yi gardama ba. Sun rufe rumfuna kawai, abinci ya ɓace, mutane suka fara barin gari. Cikin kamar wata biyu aka janye takardar. Gidan Hulaku ya ƙare a 1335 da Abu Sa'id ya mutu ba magaji.

Kubilai Khan: Mongol ne ko sarkin Sin?

Ya yi ƙoƙarin zama duka biyun, kuma wannan ne laifinsa a wurin 'yan uwansa na daji. Ya bar Karakorum ya gina sabon birni a inda Beijin take yanzu, ya sa wa gidansa suna Yuwan a 1271, ya gama da daular Song ta kudu a 1279. Amma bai amince wa Sinawa da manyan muƙamai ba. Ya fi son baƙi: Ahmad Fanakati ya riƙe masa kuɗi har aka kashe shi a 1282, Sayyid Ajall mutumin Buhara ya yi gwamnan Yunnan, kuma har yau akwai Musulmi a can. Duk da haka a 1280 ya hana yanka irin na Musulunci, bayan wasu fatake sun ƙi cin naman fadarsa. Da fatake suka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya ragu, sai aka janye dokar.

A teku bai yi sa'a ba. Ya kai wa Japan hari a 1274 da 1281, a na biyun guguwa ta ragargaza jiragensa. Biyetnam ta ba shi kunya a 1288, Jawa a 1293. Ya mutu a 1294. Bayansa aka yi ta juyin sarauta, ga ambaliyar Rawayan Kogi, ga kuɗin takarda ya lalace. A 1368 tsohon almajirin gidan ibadar Buda, Ju Yuwanjang, ya kore su ya kafa daular Ming. Sarki na ƙarshe ya koma daji inda kakanninsa suka fito.

Me ya haɗa su da tashin Mosko?

Gidan Joci bai zauna a garuruwan Rasha ba. Suna Sarai a bakin Bolga, sarakunan Rasha ke zuwa su durƙusa su karɓi takardar naɗi. Mosko ƙaramin gari ce da ta yi ƙiba da aikin tara wa Khan haraji, musamman a zamanin sarkinta Iban Kalita. Kalmomin Rashanci na kuɗi da na kwastan duk daga wannan zamani suka samo asali. A 1380 Dimitri na Mosko ya karya Mamai, jagoran rundunar gidan Joci, a Kulikobo, shekara biyu bayan haka Khan Toktamish na gidan Joci ya zo ya ƙone Mosko. Sai a 1480, da rundunonin Iban na Uku da na Ahmad Khan suka yi cirko-cirko a kogin Ugra kowa ya juya, aka ɗauka biyayyar ta ƙare. Daga nan reshe ya juye da mujiya: Rasha ta ci Kazan a 1552, Astarakhan a 1556.

Taimur Lang da sarakunan Mughal na Indiya zuriyar Jangis Khan ne?

Taimur ba jininsa ba ne. Ɗan ƙabilar Barlas ne daga ƙasar Cagatai, kuma saboda al'ada ta ce jinin Jangis kaɗai ke zama Khan, bai taɓa ɗaukar laƙabin ba. Ya tsaya a Amir, ya auri 'yar gidan ya riƙa kiran kansa surukin sarauta, ya ajiye wani Khan na jeka-na-yi-ka. Musulmi ne, amma garuruwan Musulmi ne suka fi shan wuyarsa: Isfahan, Delhi a 1398, Halab, Dimashƙu inda Ibnu Khaldun ya gana da shi a 1401, Bagadaza, sannan ya kama Sultan Bayazid na Usmaniyya a Ankara a 1402. Shi ne kuma ya karya ƙashin bayan gidan Joci a 1395. Ya mutu a 1405 a Otrar, garin da fitinar ta fara, yana hanyar zuwa yaƙar Sin.

Babur, wanda ya kafa daular Mughal a 1526, jinin Taimur ne ta wajen uba, jinin Cagatai ta wajen uwa. Kalmar Mughal ita ce Mongol a bakin Farisawa.

Akwai abin da ya haɗa wannan tarihi da ƙasashenmu?

Dokin Mongol bai taka Afirka ba, Ainu Jalut ta tsayar da shi. Amma girgizar ta iso ta Alƙahira. A 1261 Baibars ya naɗa wani ɗan gidan Abbasiyawa da ya tsira a matsayin halifa, na suna kawai, malamai daga Iraƙi da Sham suka yi ta komawa can, Masar ta zama cibiyar ilimi, kuma ita ce zangon alhazanmu. Mansa Musa ya sauka a can a 1324, shekara ɗaya bayan sulhun Mamluk da Ilkhan, kuma Sultan Nasir Muhammad da ya karɓe shi, mahaifiyarsa 'yar Mongol ce. A wannan Alƙahirar Suyuɗi ya tashi, mai rabin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Ibnu Baɗuɗa kuma ya haɗa duniyoyin biyu da ƙafarsa. Mutumin da ya ga sansanin Uzbak Khan yana tafiya a kan amalanke da masallatai da kasuwanni, hayaƙin girki na tashi ana cikin tafiya, wanda aka miƙa wa nonon goɗiya ya kurɓa ya ji ba daɗi ya miƙa wa na kusa da shi, shi ne a 1353 ya sauka a Takadda cikin Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullar garin Gobir da Barno.

Yaushe mulkin zuriyar ya ƙare, kuma ina kabarinsa?

Ya daɗe fiye da yadda ake zato. Gidan Girai, jikokin Joci, sun mulki Kirimiya ƙarƙashin inuwar Usmaniyya har Rasha ta haɗiye ta a 1783, sarakunan Kazak kuma sun kai ƙarni na 19. A Mongoliya kanta mutane sun koma addinin Buda irin na Tibet, kuma wani jikan gidan Kubilai, Altan Khan, shi ya fara ba da laƙabin Dalai Lama a 1578. Yau hoton Jangis Khan yana kan kuɗin ƙasar, filin jirgin saman babban birnin sunansa yake ɗauke da shi, ga kuma mutum-mutuminsa na ƙarfe a kan doki mai tsawon mita 40 a gabas da Ulanbato.

Kabarin kuwa a ɓoye aka yi shi, ba gini ba alama, kamar yadda ake yi wa manyansu. An fi kyautata zaton yana wajen dutsen Burkhan Khaldun, inda ya taɓa ɓuya yana saurayi lokacin da Merkit suka zo ɗaukar Borte. Masu bincike daga waje sun zo da na'urori da hotunan tauraron ɗan'adam, 'yan ƙasar da yawa kuma ba sa son a tona.